Zazzagowar Mahaifa Tana da Magani

 Wannan 'yar takarda domin matan gida aka yi ta, amma muna roƙon maigida ya fara karanta ta shi kaɗai, daga farko har ƙarshe. In ya gama, ya miƙa wa iyalinsa. In babu mai karatun boko a cikinsu, a sami 'ya ko ƙanwa mai hankali ta karanta musu a ɗaki, ban da yara. Maganar da ke ciki ba ta dandali ba ce, amma kuma ba ta ɓoyewa ba ce, gama ɓoyon ne ya ke cutar da mata da yawa a ƙasarmu.

A ce ga wata mata a wani ƙauye na ƙasar Moriki. Haihuwarta takwas, duk a gida. Bayan ta shida ta soma jin nauyi a ƙasan mararta, musamman da yamma in ta gama daka. Bayan ta takwas, wata rana tana tsugune a bakin rijiya, sai ta ji wani abu kamar ƙwan kaza ya leƙo ta gabanta. Ta tsorata, ta mai da shi da hannu, ba ta gaya wa kowa ba. Yau shekara huɗu ke nan. Ta daina zuwa biki da suna, don zama a tabarma ya yi mata wuya. Ta kan kawo wa maigida uzuri ranar girkinta, shi kuwa ya ɗauka ƙiyayya ce, har ya soma maganar ta tafi gidansu. Ba mu faɗi suna ba, domin ba mace guda ba ce. Akwai irinta a Galadi, akwai a Kurya, akwai a Dauran, watakila akwai a gidan da a ke karanta takardan nan.

Sunan ciwonta zazzagowar mahaifa. Waɗansu su kan ce saukowar mahaifa, waɗansu fitar mahaifa. Tsohon ciwo ne, likitocin Masar sun rubuta labarinsa tun fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Likitocin yanzu kuma sun ce in aka duba matan da suka taɓa haihuwa, kusan rabinsu za a tarar da ɗan alamarsa, ko da ya ke ba dukansu ya ke damu ba.

Ragayar da ke cikin jiki

Kowace mace ta san ragaya. Igiyoyi ne a ke saƙawa, a rataye a ɗaki, a ɗora ƙwaryar nono ko ta fura. Muddin igiyoyin na da ƙarfi, ƙwarya na sama. In suka tsufa, ko aka yi ta ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, sai su saki, ƙwarya ta yi ƙasa.

To, Allah ya yi wa mace irin wannan ragaya a ƙasan ƙugunta, ta nama da jijiya, ta shimfiɗu daga ƙashin gaba zuwa ƙashin baya. Abu uku ta ke ɗauke da su. Mafitsara tana gaba, mahaifa tana tsakiya, ƙarshen hanji yana baya. In ragayar ta saki, ɗaya daga cikinsu, ko biyu, ko duka ukun, sai su turo cikin hanyar haihuwa. Saboda haka ba kullum mahaifa ce ke fitowa ba. Sau da yawa mafitsara ce ta danno bangon gaba, shi ya sa mace ta kan yi fitsari ta tashi, ta ji kamar da saura, ko kuwa ya ɗiga in ta yi tari ko dariya. In hanji ne ya danno ta baya, sai bayan gida ya riƙa yi mata wuyar fita.

Likitoci sun kasa abin hawa huɗu. A na farko ya ɗan sauko, amma yana can ciki, mace ma ba lalle ta sani ba. A na biyu ya iso kusa da ƙofa. A na uku ya wuce ƙofa, ana ganinsa. A na huɗu ya fito gaba ɗaya. Ku riƙe wannan, don maganin hawa na biyu dabam ya ke da na huɗu, kuma wadda ta zo da wuri ita ke samun mai sauƙi.

Akwai wata alama da ke bambanta shi da sauran ciwon mara. Da safe mace ta kan tashi garau. Nauyin yana ƙaruwa da tsayuwa da aiki, ya tsananta wajen la'asar, in ta kwanta kuma ya lafa.

Ba yoyon fitsari ba ne, ko da ya ke mafarinsu ya kan zama ɗaya, watau wahalar naƙuda. Mai yoyo ta sami huji ne a mafitsara, fitsari na zuba dare da rana. Wannan kuwa babu huji, saki ne. Ba ciwon daji ba ne. Ba a ɗaukarsa, miji ba ya kamuwa, kishiya ba ta kamuwa ta wurin buta ko tabarma. Ba sammu ba ne, ba iska ba ce, ba kuwa alamar mace ta yi wani abin assha ba ne. Mun faɗi wannan a fili don mun san irin maganganun da a kan yi a tsakar gida.

Me ke kawo shi?

Babban dalili haihuwa ce. Kan jariri ta tsakiyar ragayar ya ke bi, kowace haihuwa sai ta miƙe ta iyakar miƙewa. In aka ba ta lokaci ta kan koma, ko da ba duka ba. In wani ciki ya shiga tun ba ta koma ba, sai saki ya hau kan saki. Doguwar naƙuda ta fi ɓarna, da ƙaton jariri, da sa mace ta yi ta yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, da danne mata ciki da hannu ko gwiwa wai don a taimaki ɗa ya fito, da jan cibiya da ƙarfi don mabiyiya ta faɗo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Jihar Zamfara, cikin haihuwa goma kusan tara ba a asibiti aka yi su ba. Ba muna zargin ungozomomin gargajiya ba ne, da yawansu suna iyakar ƙoƙarinsu cikin dare, ba fitila mai kyau, ba mota. Amma danne ciki da jan cibiya lalle a bar su.

Na biyu kaya ne. Jarka mai lita 25 in ta cika ruwa, nauyinta ya kai kilo 25. Mace ta ɗora ta a ka, ga goyo a baya, ta tako daga rijiya ko daga gulbi sau uku ko huɗu a yini. Duk nauyin nan ina ya ke sauka? A kan ragaya. Haka dakan gero da surfe, haka damin itace. A 'yan shekarun nan abin ya ƙaru. Matan da rashin zaman lafiya ya raba da ƙauyukansu, suka dawo cikin Shinkafi ko Zurmi ko Ƙaura, da yawa aikin ƙarfi su ke yi don su ci da 'ya'yansu, waɗansu ma tun ba su yi arba'in ba.

Sauran dalilai su ne tari mai daɗewa, da taurin bayan gida mai sa yunƙuri kullum, da ƙiba mai yawa, da shekaru. In al'ada ta ɗauke, naman wurin ya kan yi laushi, shi ya sa wata ba ta ganin abin sai ta yi jikoki. Akwai kuma gado: in uwa ta yi, 'ya ta kula da kanta tun da wuri.

Aikin likitan gashi

A manyan asibitoci akwai sashen da a ke kira gashi, ko gashin ƙashi. Mutane sun ɗauka na masu karaya da shanyewar ɓarin jiki ne kaɗai. A'a. Ma'aikatan nan masana nama da jijiya ne, ragayar ƙugu kuwa nama ce. Sana'ar ta shigo Nijeriya a 1945, sa'ad da waɗansu Turawan Ingila biyu suka soma koyar da ita a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko. Kada sunan ya ruɗe ku: a nan ba wuta, ba ruwan zafi, ba ruwansa da gashin jego. Horon nama ne.

Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan horo a 1948, har yau da sunansa a ke kiransa. A 2014 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mata 447 a Birtaniya da Ostareliya da Niyu Zilan. An raba su biyu. Kashi ɗaya ma'aikaciyar gashi ta koya wa kowace horon ita kaɗai, kashi ɗaya takardar shawara kawai aka ba su. Bayan shekara guda, waɗanda aka koya wa sun fi samun sauƙi. Ku lura da wannan: takarda irin wadda ke hannunku tana da amfani, amma ba ta kai a duba mace a tabbatar tana yin abin daidai ba. Mata da yawa da fari turawa su ke yi ƙasa maimakon ja sama, wannan kuwa ƙara ciwo ne.

Ga yadda a ke yi, uwargida. Ki yi fitsari tukuna. Ki kwanta rigingine a tabarma, ki tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki tsuke baya kamar kina cikin taron mata, iskar ciki ta taho, kina riƙe ta. Ki haɗa da tsuke gaba kamar mai riƙe fitsari. Sa'an nan ki ja su duka sama zuwa ciki, kamar mai jawo guga a hankali. Wannan shi ne naman da mu ke magana. Kada ki riƙe numfashi. Kada ki matse cinyoyi ko mazaunai, kada ki ƙanƙame ciki. In wani na kallonki, bai kamata ya ga komai na motsi ba.

Ki riƙe kina ƙirga, ɗaya, biyu, uku, sa'an nan ki saki sarai, ki huta gwargwadon yadda kika riƙe. Sakin nan rabin aikin ne, kada ki yi masa gaggawa. Ran farko watakila ƙirga uku za ki iya, sau huɗu ko biyar, naman ya gaji. Ba laifi. Kowane mako ki ɗan ƙara, har ki kai riƙon ƙirga goma, sau goma. In kin gama masu tsawo, ki bi su da gajeru goma: tsuke, saki, tsuke, saki. Wannan zama ɗaya ke nan. Ana so a yi zama uku kowace rana. Don kada ki manta, ki ɗaura su da salla: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Lisha. In kin ƙware a kwance, ki koma yi a zaune, kina tsinar shinkafa ko kina kitso. Daga nan a tsaye, wanda shi ya fi wuya, shi kuma ya fi amfani, don a tsaye ciwon ke damunki.

In kina so ki san ko daidai ki ke yi, ki wanke hannu da sabulu, ki sa yatsa ɗaya a gaba, ki tsuke. In kin ji an kama yatsan ana jansa ciki, daidai ne. In kin ji ana turo shi waje, ki dakata, ki nemi ma'aikaciyar asibiti ta nuna miki. Kada ki mai da tsai da fitsari a tsakiyar yinsa ya zama horonki, yin haka kullum yana hana mafitsara juyewa sarai.

Akwai wata dabara ƙarama mai babban amfani. Duk sa'ad da za ki yi tari, ko atishawa, ko ki ɗaga yaro, ko ki ɗora tulu, ki fara tsukewa, ki riƙe har ki gama. Da fari sai kin tuna. Daga baya jiki ya kan saba.

Yanzu sai gaskiyar da ba kowa ke son ji ba. Abin ba ya aiki a mako guda. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce a 2019 a yi horon nan aƙalla mako 16, watau kusan wata huɗu, ƙarƙashin kulawar masani, ga mai hawa na farko ko na biyu. Sannu ba ta hana zuwa. In an sami sauƙi kuma ba a dainawa, sai dai a rage, don naman da aka bari ya kan koma gidan jiya. Mahaifar da ta fito gaba ɗaya kuwa, horo kaɗai ba zai mai da ita ba. Duk wanda ya ce miki zai mayar, bai gaya miki gaskiya ba. Amma ko ita horon yana rage mata ɗigar fitsari, yana kuma shirya jikinta domin zobe ko aiki.

Rage wa ragaya kaya

Mun san ba a ce wa matar ƙauye ta daina ɗiban ruwa. Abin da mu ke cewa a raba kayan. Rabin jarka sau biyu ya fi cikakkiya sau ɗaya, ko da tafiyar ta ƙaru. In za ki ɗauka, ki matso kusa da kayan, ki tanƙwara gwiwa, ki tsuke, ki fitar da numfashi kina tashi, a kuma kama miki. In akwai jaki ko kura ko amalanke a gidan, ruwan gida ya fi cancanta da su. Hatsi a kai inji in da hali. Aikin da za a iya yi a zaune, a yi shi a zaune. Da rana, in nauyin ya taso, ki kwanta kamar minti ashirin, ki sa matashi ƙarƙashin ƙugu, abin zai koma ya huta.

Ki kiyayi taurin ciki. Ki sha ruwa sosai, kada ki rage shi don tsoron ɗiga. Zogale, da rama, da kuɓewa, da miyar kuka, da wake, da gwanda, duk suna sassauta ciki, kuma ba sai an je birni ba. Tsugunon da mu ke yi a masai yana da kyau, ya fi zaman kujera, amma ban da yunƙuri. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi asibiti a gwada majina, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. A kuma bar wa hayaƙin murhu hanyar fita.

In abin yana waje, ki wanke shi kullum da ruwan da aka tafasa ya huce, ki kwanta, ki mai da shi a hankali da hannu mai tsabta. Ki yi ƙunzugu da ƙyalle mai laushi, wankakke, wanda ya sha rana, don kada zane ya goge shi ya yi gyambo.

Zobe

Mata da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Wani zobe ne na roba mai laushi, girma-girma, likita ko ƙwararriyar ungozoma ta kan auna, ta sa shi can ciki ya tallafe mahaifa, kamar yadda gammo ke tallafe tulu. Ba yanka, ba allurar barci, ba kwana a asibiti. In ya zauna daidai ba ki jinsa. Ki yi tafiya, ki tsuguna, ki yi fitsari kafin ki bar asibiti. In ya faɗo ko ya matsa, a sake wani girman, wani lokaci sai an gwada biyu ko uku.

Ya dace da wadda ke son ƙara haihuwa, da mai ciki, da tsohuwar da jikinta ba zai ɗauki aiki ba, da mai jiran ranar aiki. Ba na hana haihuwa ba ne, ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya ɓacewa cikin jiki. Mai siffar zobe ba ya hana kwanciyar aure. Sharaɗinsa guda ne, mai nauyi: a koma a duba shi duk wata huɗu zuwa shida, ko yadda aka ce. Zoben da aka manta da shi shekaru yana cin nama, ya kawo gyambo da wari, har ya huda mafitsara. In hanyar garinku ba ta biyuwa kullum, ki faɗa tun farko, a koya miki cirewa da wankewa da mayarwa da kanki.

Zoben asibiti mu ke nufi. Kada a cusa tsumma, ko lemo, ko ƙullin ganye, ko kanwa, ko magungunan matsi da a ke sayarwa a kasuwa. Suna ƙona nama, ba kuwa su ɗaga komai. Kada a tsuguna a kan garwashi. Fiye da kome, kada a kira wanzami ko wata tsohuwa a yi yankan gishiri. Abin da ya leƙo ɗin nan sau da yawa mafitsara ce ke bayansa. Aska ɗaya, mace ta koma mai yoyon fitsari, in ma jini bai ƙarar da ita ba.

Aiki

In abin ya kai hawa na uku ko na huɗu, zobe kuma bai zauna ba, sai aiki. Yawanci ta hanyar haihuwa a ke yinsa, ba a tsaga ciki. Wani aikin ɗinke bangon da ya saki ne, wani ɗaure mahaifa ne a sama a bar ta, wani cire ta ne. Ki gaya wa likita a fili in kina son ƙara haihuwa, ki kuma tambaya wanne za a yi miki, kafin ki sa hannu. Wadda aka cire wa mahaifa ba ta ƙara al'ada ko haihuwa, amma tana nan mace, zaman aurenta na nan. Bayan aiki ba kaya, ba daka, ba kwanciyar aure har mako shida, kaya masu nauyi kuwa sai an kai wata uku. Ciwon ya kan dawo ga waɗansu, musamman wadda ta koma wa jarka da wuri, saboda haka horon tsukewa bai ƙare ba don an yi aiki.

Waɗannan kuwa ba su jiran ranar kasuwa: fitsari ya ƙi fita, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko abin ya fito ya kumbura ya ƙi komawa, ko gyambo mai jini ko ruwa mai wari, ko jini ga wadda al'adarta ta riga ta ɗauke. Mahaifar da ta daɗe a waje tana iya danne hanyar fitsari har ƙoda ta lalace. Jini bayan ɗaukewar al'ada kuma lalle a bincika shi, don yana iya zama wani ciwo dabam.

Inda za a je

A fara da asibitin da ya fi kusa, a nemi ma'aikaciya mace. Daga can sai babban asibitin Ƙauran Namoda, ko na Shinkafi, ko na Zurmi, inda za a duba a san hawan da ciwon ya kai. In ana bukatar likitan mata ko sashen gashi, a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Tarayya na Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Asibitocin yoyon fitsari su ma sun saba da gyaran wannan wuri na jiki. Akwai na Babbar Ruga a Katsina, inda wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya soma aikin a 1984. Akwai asibitin mata da yara na Maryam Abacha a Sakkwato. A ƙetaren iyaka akwai na Danja kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe a 2012. Kafin a kama doguwar hanya, a sa ma'aikacin asibitin gida ya buga waya ya tambayo ranar da a ke ganin mata, da abin da za a biya, da ko akwai zobe a lokacin. A yi tafiya da rana, cikin jama'a, bayan an tambayi labarin hanya.

Wata za ta ce, “Sista, ni kunya na ke ji, na haifi kamarki.” Amsar ita ce, “Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau kin zama ta biyar da na duba.” Kina da iko ki nemi mace ta duba ki, ko wata 'yar'uwa ta tsaya kusa da ke, a kuma ja labule.

Maigida, saura kai

Matarka ba za ta fara gaya maka ba. In ka ga ta rage fita, tana zama a karkace, tana guje wa shimfiɗa, kada ka yi fushi, ka tambaye ta da lalama, ko ka sa yayarta ko uwarta ta tambaya. Wajen haifa maka 'ya'ya ta sami ciwon nan. Izinin zuwa asibiti naka ne, kuɗin mota naka ne, hana ta ɗaukar jarka naka ne, samarin gidan su ɗauka. Ka kuma tsare mata asiri. Uwar miji da abokiyar zama, in kun karɓi dakanta na wata uku, ba a san ranar da za ta karɓi naku ba. Mai ɗigar fitsari kada ta bar salla don shakkar tsarki, malaman fiƙihu sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai irin wannan lalura, a tambaya mata.

A ƙasar Nefal, can kusa da Indiya, inda mata ke hawan duwatsu da kaya, ciwon nan ya yi yawa har Kotun Ƙolinsu ta yanke hukunci a 2008 cewa kula da shi hakki ne a kan gwamnati. Ba su kai ga haka ba sai da mata suka daina shiru. Mu ma shugabannin mata, da matan hakimai da na limamai, da malaman Islamiyya mata, su ne za su buɗe maganar a inda maza ba su shiga. Mata huɗu ko biyar masu ciwon in suka san juna, su kan tuna wa juna horo, su haɗa kuɗin mota, su tafi rana ɗaya.

Ga 'yan mata masu tasowa kuma, a bar yarinya ta gama girma kafin ciki na fari. Mai ciki ta je awo, ta soma horon tsukewa tun tana da cikin. Naƙudar da ta kai awa 12 ba haihuwa, a ɗauke ta zuwa asibiti. A watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya na Tarayya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar shirin yi wa mata mabukata fiɗar haihuwa kyauta, a tambaya a wurin awo wane asibiti ne ke cikin shirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki, wanda bai yi nisa da yayen shekara biyu da iyayenmu suka sani ba. Hutun arba'in al'ada ce mai kyau, a cika shi, a bar mai jego ta kwanta da gaske. Ruwan wanka dai ya zama mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, a kuma rage kunun kanwa, don likitocin Zariya sun daɗe da danganta yawan zafi da kanwa da kumburin zuciyar mai jego.

Ranar zuwa asibiti a riƙe katin awo in akwai, da takardar turawa, da zane na canji. Uwargida ta ƙirga haihuwarta da ɓarinta tun a gida, ta tuna shekarar da ta fara jin nauyin, za a tambaye ta. In an sa mata zobe, maigida ya rubuta ranar komawa a bayan takardan nan, ya ajiye ta inda ruwa ba zai taɓa ba.